Tafasar Gonar Bayan Gari

Na san abin da aka faɗa muku a kaina. Ba sai kun sunkuyar da kai ba, ku 'ya'yan babban ɗana, tun ranar da aka kawo ku ganin gida na gani a idonku, kuna gaishe ni daga bakin ƙofa kamar wadda ƙyanda ta fito wa. An ce muku kakarku ce ta kori mahaifinku daga gidan ubansa da bakinta. Rabin maganar gaskiya ne, shi ya sa ta fi ƙarya zalla wuyar kashewa. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara yi mini rowa, sai na ga gara in zauna da ɗan bokon da na tsinta a ajin manya in rubuta yadda aka yi, ku karanta ku yanke naku hukuncin. Sunansa ba za ku gani a nan ba. Ɗan fari ne, tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa kiransa da shi ba, ba kuwa da furfura zan fara ba. Babanku zan riƙa cewa.

Ku da kuka tashi a birni ba ku san wata doka da muka tarar a ƙasar Barkiya ba, wadda ba alƙali ne ya kafa ta ba. Abin da mutum ya shuka nasa ne, abin da ya fito don kansa na kowa ne. Tafasa, gasaya, lalo, zaƙi-banza, duk ganyen da Allah ya watsa a cikin gona, mace na iya shiga ko gonar mai gari ce ta tsinka ba tare da ta nemi izini ba. In ma mai gonar ya gan ta, shi ke yi mata sannu, don ta rage masa ciyawa. A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa gero kuma bai nuna ba, wannan ganyen ne ke riƙe gidaje da yawa. A dafa shi, a matse, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli in akwai, in babu a barbaɗa gishiri da yaji, a kora da ruwa a gode wa Allah. Duk garinmu ba wadda ta kai Tabawa sanin inda ganye yake.

Tabawa ƙawata ce tun muna amare, shekara guda aka kawo mu garin. Mijinta ya rasu da wuri, 'ya'yanta maza ba wanda ya tsaya, macen guda kuma aure ya kai ta nesa. Ta ƙare a wani ɗan ɗaki a gidan ɗan wan mijinta, mutum mai iyali da yawa da hatsi kaɗan, don haka ganye shi ne abincinta, shi ne kuma sana'arta. Ƙaramar mace ce, busasshiya, mai baki kamar reza, in ta yi maka ba'a sai ka yi dariya ka isa gida kafin ka ji zafin. Ita ta karɓi babanku ranar da na haife shi, ita ta yi masa goyon da kunya ta hana ni yi masa a gaban mutane. Tun yana yaro in abu ya dame shi ɗakin Tabawa yake nufa, ni sai dai in ji daga bakinta. Ko maganar auren mamanku a wurinta na fara ji, ta zo tana tsalle kamar ita za a kai.

Maganin ciyawa ba lalaci ne ya kawo shi gidanmu ba, wannan ku riƙe shi da kyau. Babbar gonarmu tana can cikin daji, nesa da gari, kuma a shekarun nan ne 'yan bindiga suka fara tare hanyoyi suna ɗaukar mutum daga tsakiyar shukarsa. Gayya ta mutu, don ba uban da zai bar ɗansa ya yini a daji duƙe da fartanya, bai san abin da ke tahowa ta bayansa ba. Kakanku Malam ciwon gwiwa ya riga ya zaunar da shi, ƙannen babanku suna makaranta, duk nauyin gandu ya dawo wuyan mutum ɗaya. Sai ya sayo famfon feshi a Dutsin-Ma, irin wanda ake goyawa. Aikin da kan ci kwanaki sai ya gama shi kafin rana ta yi zafi, ya dawo gida da ƙafarsa. Ni kaina a shekarar farko na ɗaga hannu na gode wa Allah, har na sa wa wanda ya ƙirƙiro abin albarka. Ba a daɗe ba masu gonaki suka fara kiransa yana yi musu feshi, abu ya zama sana'a. Tabawa kaɗai ke yi masa tsiya duk sanda ta gan shi da famfon a baya.

"Ɗana, wanga mi ne ne ka goya awa jinjiri?"

"Hwartanyar zamani ce, Inna Tabawa."

"Hwartanyar da ba ta hidda gumi? To, Allah shi kyauta. Ni dai kak ka kashe mani miya."

Ya yi dariya ya ce miyarta na nan lafiya, can daji kawai yake fesawa. A lokacin gaskiya ya faɗa.

A daminar da ta biyo baya ya bar wani gefe na gonarmu ta bayan gari bai shuka ba, yana jiran lokacin wake. Wurin ya cika da tafasa, kore shar, har gwiwa, kuma matan gari duka sun san shi. Ranar da abin ya faru ya fita bayan sallar asuba, ban tambaye shi inda za shi ba. A gidanmu mace ba ta tambayar namiji aikin gona, balle uwa ta tsare ɗan farinta da tambaya. Na ɗauka daji ya nufa kamar kullum. Ashe ya ga ciyawar ta fi ƙarfin hannu ɗaya, lokacin wake kuma yana ƙurewa, sai ya fesa wurin ya wuce wata gonar da aka kira shi. Da noman fartanya ne, makaho ma zai san an yi aiki a wurin. Shi kuwa magani ba ya barin sawu da wuri. Ganyen na nan tsaye yana sheƙi, ka ce raɓa ce ba ta gama bushewa ba.

Wajen azahar na haɗu da Tabawa a bakin rijiya, kwando cike a kanta.

"Indo, yau na yi maku sata. Duk wanga daga gonarku."

"Ɓarauniya mai shela! Sai ki hidda zakka."

"In kin yi ladabi za ki ga kwano da marece."

Da marece kuwa sai ga kwano. Na ci loma kaɗan don na riga na ƙoshi da tuwo, sauran na rufe, da safe na ga ya yi yami na zubar. Na ji ɗan ɗaci a harshe, amma tafasa dama ba a raba ta da ɗaci. Washegari cikina ya juya, na sha jiƙo ya lafa. Ita kuwa Tabawa shi ta ci ta kwanta, shi ta karya da shi, shi ta ƙara da rana, don ba wani abu a ɗakin. Kafin a ankara amai da gudawa sun kayar da ita, tana cewa maƙogwaronta kamar an zuba garwashi. Aka ɗora ta a babur zuwa Kurfi, daga can aka ce a wuce da ita Dutsin-Ma.

Ni sai da na kintsa gida na bi ta daga baya. Hanyar da ke fita bakin titi ta gefen gonar bayan gari take bi. Ina isa wurin na tsaya cak. Inda na sani kore shar ya koma ruwan ƙasa, komai ya kwanta ya ƙone ba tare da wuta ba. A cikin ƙonannen na ga karan tafasa jere, kowanne an tsinke masa kai. Tsinkar Tabawa ce, da farce, ɗanyen ganyen sama kawai take ɗauka ta bar sauran ya sake toho. Ko a cikin dubu na san hannunta. Na zauna a ƙasa ina salati. Da na tashi sai na koma gida, na tarar da kwalbar maganin a bayan ɗakin girki, mamanku ta wanke ta tana shirin zuba man gyaɗa a ciki. Na karɓe na tura cikin jakar kayan jinya.

A asibiti na jira likitan ya fito daga ɗakin mata na tare shi. Matashi ne, idonsa ja don gajiya, amma ya tsaya ya saurare ni, ya jujjuya kwalbar a hannunsa.

"Mama, zai iya zama wannan. Zai kuma iya zama ruwa. Kin ga duk gadajen nan masu amai da gudawa ne, damina ce."

"To, ka gwada mana ka gani."

"Ba mu da abin gwada irin wannan a nan."

"Su wa ke da shi?"

Ya nuna sama da hannu, ban san ko Katsina yake nufi ko Abuja ko wajen Ubangiji ba. Gaskiya ne a lokacin akwai wasu a garinmu da ciwon ya kama, masu shan ruwan tafki. Sai dai a tafkin nan masu feshi ke wanke famfunansu, kwaɗin cikinsa ma tun bara suka rage kuka. Duk inda na juya tunanina, kwalbar nan nake tararwa.

Ranar kasuwa na bar Tabawa tana barci na shiga neman rumfar da aka sayo maganin. Mai rumfar ya jera kwalabe kala-kala a rana, gefe guda da irin masara da na alayyafo, yana tsiyaya wa masu ƙaramin ƙarfi a gorar ruwa da ba rubutu ko ɗaya a jikinta. Na miƙa masa kwalbar na tambaye shi ko abin nan na kashe mutum.

"Haba Hajiya, maganin ciyawa ne. Ke ciyawa ce? Dubi nan." Ya ɗora yatsa a kan wasu lambobi. "Wannan lambar gwamnati ce. Da yana da illa za su bari a shigo da shi?"

"Su gwamnatin suna zuwa rumhwar nan?"

"Suna zuwa mana."

"Su yi mi?"

Ya yi dariya ya juya ga mai saye na gaba. Wani mai sayen iri da ya ji mu ya kwatanta mini wani ofishi da ya ce na masu kula da harkar noma ne. Na je. Na tarar da mutum ɗaya a ɗaki mai tebura da yawa, dattijo mai ladabi, ya ba ni kujera har da ruwan sha. Ya karanta jikin kwalbar ya ce ai an rubuta komai, a sa safar hannu, a rufe hanci, kada mutum ko dabba ya shiga wurin sai an jima. Na ce da wane harshe aka rubuta? Ya ce da Turanci. Na ce wa aka aiko ya karanta wa Tabawa? Ya ce a da suna da malaman gona masu zagaya ƙauyuka, yanzu ba abin hawa, ba kuma mai son shiga dajinmu. Sa lamba kuwa ba aikinsu ba ne, na wata hukuma ce can sama. Na tambaye shi ko masu sa lambar sun san cewa a ƙasarmu abin da suke kira ciyawa shi ne tuwon wasu. Ya ce, "Hajiya, wallahi ban sani ba." Na gode masa da gaske, na fito da kwalbata kamar yadda na shiga da ita.

Da na dawo na tarar Tabawa ta farka. Ta rame har ƙasusuwan fuskarta sun fito, muryar nan mai yanka ta koma raɗa. Ina gyara mata zane sai jakar ta kife, kwalbar ta gangaro gaban gado. Ta bi ta da ido. Tabawa ba a yi mata bayani sau biyu, wannan karon ko sau ɗaya ba a yi ba.

"Gonar bayan gari ya hesa?"

Na gyaɗa kai.

"Bai san zan shiga ba." Ta huta, ta haɗiyi yawu da ƙyar. "Indo, kak ki hwaɗa ma kowa. Bayana ya san nauyin yaron nan. Ki bari a ce ruwa ne."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba, hannunta kawai na riƙe. Washegari da hantsi ta cika, aka kawo ta gida aka rufe.

Na fara da Malam, kamar yadda ya kamata. Na same shi a zaure shi kaɗai na faɗa masa duk abin da na gani. Ban nemi a hukunta kowa ba. Abin da na roƙa shi ne ya je wurin mai gari a sa mai shela ya zagaya, a ce duk gonar da aka fesa a kafa mata alama, ko tsumma ne a kan sanda, mata su sani. Ya amsa yana jan carbi.

"In na tahi da wagga magana yanzu, ƙasar kabari ba ta bushe ba, kina jin mutane ba su da hankali? Cewa za su yi ɗanmu ya yi kisa."

"In aka yi shiru wata ta ci hwa?"

"Kwananta ne ya ƙare, Indo. Likita ma bai ce shi ne ba. Ki bari sai bayan kaka, hankali ya kwanta."

Bayan kaka ba tafasa, ba feshi, shi ma ya sani. Ban ga laifinsa ba, uba ne. Shi kuwa babanku, tun ranar jana'iza bai ƙara haɗa ido da kowa a gidan ba. Shi ya haƙa kabarin, an ce har tafin hannunsa ya fashe bai yarda wani ya karɓe shi ba. Na san ya bi ta gonar, na san ya ga abin da na gani. Da wata uwar ce, da ta kira ɗanta ɗaki ta ce zauna mu yi magana. Ni ban san hanyar ba. Shekara da shekaru tsakanina da shi sai gaisuwa, kai a ƙasa, kuma mai kai saƙo tsakaninmu ita ce muka rufe. Abin da na iya shi ne na tsaya a tsakar gida inda zai ji, na ce wa mamanku, "Da mai heshi zai huta kwana biyu, da ya kyauta." Ya ji. Ya ɗauki buta ya fita. Ya riga ya karɓi aikin mutane, damina kuma ba ta jira, ina jin kuma a ransa ajiye famfon daidai yake da amsa laifi.

Ana zaman makoki a gidan su Tabawa, tsakar gida cike da mata, sai na ji wata yarinya mai goyo, Hanne, matar wani maƙwabcinmu, tana ce wa ta kusa da ita gobe da hantsi su je gonar Alhaji Musa ta bakin tafki, tafasa ta yi kyau a can. Da kunnena na ji Alhaji Musa a ƙofar gidanmu yana ce wa babanku gobe da asuba yake so a fesa wannan gonar. Na fara da hannunka mai sanda. Na ce 'yan nan, ku yi hattara da ganyen gona bana, ana feshi. Hanne ta ce ai suna wankewa. Wata ta ce mijinta ya ce maganin na da lambar gwamnati, ko akuya ba ya kashewa. Wata tsohuwa ta ce tun kafin a haife mu ake cin tafasa, ba ta taɓa kashe kowa ba. Suka koma hirarsu. Na dubi ɗan da ke bayan Hanne yana tsotsar yatsa, na dubi ƙofar ɗakin Tabawa da aka saki labule. Gaba kura, baya sayaki. Sai na ji muryata ta fita, da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya.

"Tabawa a gonarmu ta tsinki ganyen da ta ci. Rannan da sahe aka hesa wurin. Na ga karan da idona. Ban ce shi ya kashe ta ba, Allah ya bar ma kansa sani. Amma duk wadda ta shiga gonar Alhaji gobe, kak ta ce ba a hwaɗa mata ba."

Washegari ba wadda ta je gonar Alhaji Musa. Ba kuma wadda ta ɗauki "ban ce shi ya kashe ta ba" ta fita da shi, wannan guntun a kan tabarma suka bar mini. Magana zarar bunu ce. Kafin magariba duk gari ya ɗauka cewa uwarsa ma da bakinta ta ce shi ya kashe Tabawa.

Mamanku ce ta fara tare ni da na shigo gida. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba, hawaye kawai ke zuba tana riƙe da muciya.

"Inna, da kin kira shi kin hwaɗa mashi, wallahi da ya ji. Kullum jira yake ki kira shi."

Ɗan wan mijin Tabawa, wanda bai taɓa miƙa mata mudun gero tana raye ba, ya kai ƙara wurin mai gari yana maganar diyya. Dattawa suka zauna suka kashe maganar, aka ce ƙaddara ce. Amma abin da dattawa suka kashe a zaure yana nan da ransa a bakin rijiya. Babanku in ya shiga masallaci sai sahu ya yi masa faɗi. Masu gonaki suka daina kiransa, suka koma kiran wasu samari masu irin famfonsa da irin maganinsa, kamar hannun ne ke da dafi ba kwalbar ba. Wake bai shuka shi ba a shekarar, gefen gonar nan haka ya zauna fili har rani. Malam bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Magana ɗaya ya faɗa, yana kallon bango.

"Kin ceci ɗiyan mutane da naki."

Ana gama ɗaurin gero babanku ya zuba dammuna a rumbu, ya sayar da famfon, ya kwashe ku, babbarku ta fara zuwa makarantar allo, ƙaraminku yana goye. Ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, "Inna, za mu tahi." Na ce, "Allah shi kiyaye hanya." Abin da muka ce ke nan. Da na ji tashin motar daga bakin titi na saki labule, na yi kukan da ban yi ba ko ranar da mahaifiyata ta rasu.

Kuna iya tambaya me maganata ta gyara. Kusan babu. Yau daga nan har Kutawa da Shema da wuya ka ga gonar da ba a fesawa, har ta bakin ƙofa. Wasu na kafa tsumma, yawanci ba sa yi. Mata sun daina shiga gonar da ba tasu ba, mai ƙaramin ƙarfi sai ta bi bakin hanya da kan juji tana tsintar abin miya. Samarin da suka gaji aikin ina ganinsu, ba takalmi ba safa, in bakin famfo ya toshe su sa baki su hura, su dawo su sha nono wai yana wanke dafi. Ɗayansu fatar bayansa duk ta sale, wani kuma tari ya ƙi barinsa. Nakan ji a rediyo ana cewa hukuma na sa ido, amma idon bai iso garinmu ba tukuna. Ban ce a daina ba, na san dajin da ya kawo shi, har yau kuma yana nan. Abin da ke ci mini rai shi ne, wanda ya sa lamba a jikin abu ya ce a saya, ya kamata a ce yana da ƙofar da za a buga in abin ya yi ɓarna. Ni na nema ban samu ba. Game da abin da na faɗa a gidan makoki kuwa, ban nemi gafarar kowa ba, ba kuma zan nema ba. Ɗan Hanne yana nan ya isa kora awaki, in ya wuce yana gaishe ni, bai san komai ba.

Shekaru suka wuce babanku bai tako garin nan ba. Yakan aiko da saƙo da sallah, yakan yi waya da Malam, in aka miƙo mini wayar sai gaisuwa. Sai da Malam ya rasu ya zo. Na ga furfura a gemunsa, wadda ban ga fitowarta ba. Bayan sadakar uku, mutane sun watse, ina zaune a ɗaki da hantsi sai na ga inuwa a ƙofa. Ya durƙusa daga waje bai shigo ba. Ya ce ƙannensa sun yi masa maganar gandu, suna so ya dawo ya riƙe gidan. Na ce to. Yana kallon ƙasa, ina kallon ƙasa. Can sai ya ɗago, ya dube ni ido cikin ido, abin da bai yi ba tun yana rarrafe.

"Inna, an ce kin kai kwalbar asibiti, kin kai ohis. Tsakaninki da Allah, maganin ne?"

Ya gyara durƙuso ya ci gaba.

"In kin ce ba shi ba ne, gobe in aika a taho da yara. In kin ce shi ne, in san abin da nike roƙon gahwara a kai. Ki hwaɗa mani guda, Inna. Na gaji."

Ƙarya 'yar ƙarama ake nema a bakina, wadda ba mahaluƙin da zai iya kama ni a kanta. Na hango ku kuna wasa a tsakar gidan nan, na hango shi yana shigowa da marece ina jin tarinsa daga zaure. Na buɗe baki da niyyar faɗarta, Allah shi ne shaida. Amma a tsawon rayuwarsa wannan ce tambayar farko da ya yi mini da bakinsa.

"Ban sani ba," na ce. "Na tambaya ko'ina, ba wanda ya hwaɗa mani."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ce, "To, Inna." Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwar wandonsa. Motar azahar ya bi.